Sa Hannuna na Farko

Jami'in jam'iyya ya turo takarda gabana. "Ta gonarka ce, dattijo. Ja gicciye uku kamar kullum."

"Ba ni alƙalami," na ce. "Suna zan rubuta."

Shekara shida ke nan da aka liƙa sanarwar sabuwar gwamnati a ƙofar coci, igwa na ruri a bakin kogin Vistula, cewa ƙasa ta manoma ce. Ban iya karanta ta ba, amma na samu hekta biyar. Gwamnatin ce kuma ta zaunar da ni ajin yaƙi da jahilci da furfurata.

Matata ta ja hannun rigata. "Tsoho, karanta tukuna."

"Karatu sai baɗi. Rubuta suna muka gama a aji."

Na zana shi a hankali, harafi goma sha huɗu. Jami'in har da tafi.

A hanya ta ce, "Sannu, malam. Ni da ban je aji ba na san gonar ka miƙa wa ƙungiyar gama-kai. Har da dokinmu."

Da muka wuce rijiya na juyo na dube ta.

"Amma kin ga yadda na lanƙwasa harafin ƙarshe?"