Launin Asali

Sai da mai fenti ya kankare fenti hawa uku a bayan ƙofar mota, inda rana ba ta kaiwa, sannan launin asalin ya leƙo: kore ne mai duhu, kamar ruwan tafkin da ya kusa ƙafewa.

"Shi nika so," in ji sojan da ya kawo tsohuwar motar. "Kada ya ɗara, kada ya gaza."

Mai fentin ya kama aiki. Shekarar fari ce, kuma a Tasawa ba a musu da mai kaki. Ya yi ta haɗi a gwangwanin madara, ɗigon baƙi, ɗigon rawaya, yana gwadawa yana jira ya bushe, don ɗanyen fenti yana yaudarar ido. A ƙa'idarsa kuma, ba a yanke wa launi hukunci a inuwa.

Da ya gama, ya tura motar bakin titi da tsakar rana. Matan ƙauye na zaune a layi suna jiran rabon hatsi. Wata tsohuwa ta ɗago kai, ta daɗe tana kallon motar.

"Ta komo," ta ce a hankali. "Ita ta kwashe mazanmu a wancan fari."

Ba wadda ta yi ihu. Ɗaya bayan ɗaya suka goya 'ya'yansu suka watse, suka bar ƙoransu a ƙasa.

Sojan ya dubi layin da babu kowa, ya karɓi makulli.

"Hannunka na da kyau, malam," ya ce. "Launin ya dace."