Gida Ɗaya

Da jan fenti ma'aikacin ya shafa alama a bangon Baba.

"Tsoho, gidanka ya shigo titi."

"Titi dai ya shigo gidana," in ji Baba. "Sawun matata ne wannan, hanyarta ta zuwa rijiya."

Ma'aikacin ya yi dariya, ya matsa gaba.

Lokacin da iyayena suka sare dajin nan suka kafa ɗaki, ko maƙwabcin ɗibar wuta ba su da shi. Direbobi suka riƙa kiran wurin Gida Ɗaya. Kasuwa ta zo, makaranta ta zo, benaye suka tare mana rana, amma sunan bai bar bakin 'yan mota ba.

Ranar rusau, katafila ta gama da gidan tun shayin Baba bai huce ba. Na ɗauke shi zuwa ɗakin da nake haya a bayan gari.

Jiya muka ratsa ta wurin a bas. Kwalta ce sumul har inda gadon marigayiya Inna yake a da.

Kwandasta ya buga ƙofa. "Gida Ɗaya! Akwai mai sauka?"

Baba ya yunƙura zai miƙe. Na riƙe hannunsa.

"Babu," na ce.