Askin Makoki

Tun a ƙofar coci tsegumi ya tashi: yarinyar da aka ba tallafin karatu a New Zealand ta dawo Tonga da kai kamar na soja. Wai ta zama Baturiya.

Goggonta, wadda ta shekara talatin tana koyarwa, ba ta cin tuwon "an ce". Ta ɗaura tabarmar makoki a ƙugu, ta nufi gidan ƙaninta marigayi. Ita ta cike wa yarinyar takardun tafiya, ita kuma ta hana a gaya mata rasuwar uban sai ta gama jarrabawa. Wata biyar, duk Lahadin da ta bugo waya, sai a ce Baba ya fita kamun kifi.

Ta tarar da ita zaune a ƙasa. Gashin ya toho tsigi-tsigi, da gani ba aikin mai aski ba ne.

"Ke, ɓera ne ya yi miki kitso a can? In uba ya mutu, yayarsa ce ke yanke gashin 'ya'yansa. Ni da nake jiran dawowarki, yanzu me kika bar min in yanke?"

"Ni ma na jira ki, Goggo."

"Kika jira ni?"

"Ɗan Kawu ya haska jana'izar a waya, na kalla daga ɗakina har aka rufe kabarin. Ranar Lahadi na bugo, ko za ki ce in dawo gida. Kika ce yana teku. Da kwana goma suka cika, na ari almakashi na yanke da kaina."