Miyar Bakin Tasha

Hafizu ya ɗaga murfin kwanon, ya leƙa miyar, ya mayar da murfin a hankali. Miyar kuɓewa ce, har da 'yar tsokar kaza, amma lami: ba gishiri, ba magi. Wata biyu ke nan yana wannan zaman makoki, tun ranar da likita a Sakkwato ya ce ƙodojinsa duka biyu sun gaza.

Shekararsa ashirin da huɗu, tela ne a kasuwar Gummi, kuma Allah Ya yi shi da son daɗin baki. Yanzu duk Litinin da Alhamis sai ya shiga mota zuwa Sakkwato, a jona shi da na'ura ta yi masa wankin ƙoda awa huɗu. Allurar ba ta dame shi ba, hanyar ma ya saba da ita. Dokar likita ce ta tsaya masa a rai: ruwa kofi biyu a yini, gishiri kuwa ko ƙwaya ɗaya ba zai ci ba. In ya karya, ruwa zai taru masa a jiki har ya kai huhu, wanki ya koma sau uku a mako, in ma an kai shi da rai.

Mahaifiyarsa, Inna Marka, ta riƙe dokar nan kamar farilla. Gishirin gidan ma cikin akwatin tufafinta take kulle shi.

"Inna, wagga miya ko akuya ba ta shan ta."

"Ba don akuya nid dahwa ba. Ci."

Bai ci ba. Ya sa hula ya nufi bakin tasha, wurin Balaraba mai tuwo, wadda direbobi ke rantsuwa da miyarta. Ya zauna can ƙarshen benci, ya juya wa titi baya. Balaraba ta dube shi, ta dubi kumburarrun ƙafafunsa, ta ce tuwo ya ƙare. Ga tururi kuwa yana tashi a gabansa. Ta ce ya dawo gobe da hantsi, za ta ajiye masa na musamman.

Washegari ba ta taɓa babbar tukunya ba. Wata ƙarama ta jawo daga bayan kujerarta, naɗe da tsumma, ta zuba masa. Lomar farko ya lumshe ido, ta biyu ya ji ƙwalla. Ashe haka duniya take da daɗi, mutum yana zaune a gida ana kashe shi da tausayi. Ya suɗe kwano har da ɗan yatsa.

Daga ranar ya zama ɗan gida. Kullum da hantsi yana ƙarshen benci, yana ci yana waige. A gida kuwa sai ya ce ba ya jin yunwa. Inna ta daina matsa masa. Ta ma shiga wata sabuwar hidima ta zuwa dubiya duk safiya, lulluɓe har ƙasa, har Hafizu ya fara mamakin yawan marasa lafiya a Gummi. Shirunta ya fi faɗanta yi masa ciwo, don yana son tsohuwar nan, kuma ya san cin amana yake yi. Amma da hantsi ya yi, sai ƙafa ta ɗauke shi.

Ranar gwajin jini na ƙarshen wata ya hau sikeli. An ce rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Har ya shirya ƙaryar da zai yi. Likita ya daɗe yana duba takarda, ya danna masa ƙafa da babban yatsa, ya sake dubawa, sannan ya miƙa masa hannu. Kumburi ya sauka, hawan jini ya kwanta. A gaban kowa ya ce a yi koyi da Malam Hafizu wajen bin doka.

Wata na biyu haka, na uku haka. Tsoro ya tafi, girman kai ya zauna a gurbinsa. Hafizu ya yanke hukunci cewa likitoci karatu kawai gare su, gishiri ba ya kashe kowa, wataƙila ma magani ne.

A ɗakin wankin ƙoda, a gadon da ke kusa da nasa, an kawo wani sabon shiga, Rabe, saurayi daga Anka, ya rame, ya ƙi abinci, uwarsa na ta kuka a bakin ƙofa. Hafizu ya ji tausayinsa ƙwarai. Ya matsa ya raɗa masa cewa akwai sirri, ranar Alhamis zai zo masa da shi cikin kula, kada ya gaya wa kowa.

Alhamis tun da sassafe, kafin motar farko ta cika, ya isa tasha da kularsa. Balaraba ta tafi biki Bukkuyum, ƙanwarta Asma ce zaune a kujerar. Ba ta san shi ba. Ta cika masa kula daga babbar tukunya, ya ce ta ɗan zuba masa a kwano ya karya.

Loma ɗaya ya kai baki ya furzar. Harshensa ya ɗauki zafi, maƙogwaro ya bushe, kamar ya tauna kanwa.

"Baiwar Allah, wane irin gishiri ne kinka zuba haka? Wagga ba miyab Balaraba ba ce. Wata uku ina shan ta, na san ta."

"Ita ce kuwa, da hannunta ta haɗa ta kahin ta tahi." Asma ta ƙura masa ido, ta dubi kular, sannan ta dafe kai. "Ko dai kai ne Hafizu? Yi haƙuri, maido kular. An ce kada in kuskura in ba ka wagga. Zauna ka ɗan jira, Innakka ba ta kawo taka ba tukuna."