Zagin da Aka Yi wa Amshi

"Ɓarauniya! Waƙata ce a bakinki!"

Tsohuwar zabiyar ta ture mai tsaron ƙofa, ta haye dandamalin gidan wasan. Tun daga Ƙofar Kuyambana ta tako, don ta ga yarinyar da ta koya wa kiɗan ƙwarya tana shan tafi da waƙar da ita ta tsufa tana yi a gidajen biki, ba fitila, ba lasifika.

"Mai cin amanar uwar ɗakinta!" ta ƙara.

'Yan amshin yarinyar suka kalli juna. Tsohuwar ce ta hore su tun suna ƙanana: duk abin da ya fito daga bakin zabiya, a amsa. Suka amsa kuwa, murya ɗaya: "Mai cin amanar uwar ɗakinta!"

Ƙwarya ta ɗauka. Yarinyar ta ɗaura ɗankwali a ƙugu, ta shiga rawa. Wuri ya kaure da shewa, ana cewa sabuwar waƙar yarinyar ta fi ta ɗazu daɗi.

Tsohuwar ta fizge abin magana.

"Ina mai gidan nan? Ya fito ya gaya min, zagin nawa ma nata ne?"