Ranar da Yaya Bukar Ya Faɗi a Raga

Ina 'yar shekara tara lokacin da kulob ɗin da yayana Bukar yake yi wa gola ya shiga gasar ƙwallon ƙafa ta Afirka. Wata Asabar bayan la'asar suna wasa a wata ƙasa mai nisa. Ni da Baba muna tsakar gida a Gashuwa, yana jera bandar kifin da zai kai Nguru, rediyo na kan turmi.

Sai mai sharhi ya ɗaga murya: "An yi karo! Gola ya faɗi, ko motsi ba ya yi!" Daidai nan rediyon ya ɗauke, batir ya ƙare.

"Baba, Yaya ya mutu ne?"

"Kul, 'yar nan!"

Bai taɓa yi min tsawa ba sai ranar. Ya zaro batiran, ya riƙa cizonsu ɗaya bayan ɗaya don su ɗan ƙara aiki, yana salati, har leɓensa ya yi baƙi. Ni kuwa na ƙura wa rediyon ido.

Da ya mayar da su, muryar ta dawo can ƙasa-ƙasa: Bukar ya tashi, an naɗe masa kai, ya ce ba zai fita ba.

Baba ya zauna dirshan a ƙasa yana hawaye. "Ji ɗan banza, wai ba zai fita ba. Kada ki gaya wa innarki ya ji ciwo."

Ban gaya mata ba. An ci su biyu, aka fitar da su daga gasar. Har yau in gola ya faɗi a talabijin, tashi nake in bar ɗakin.