Kurjin Leɓen Baba Kumai

Laraba, an wayi gari da yayyafi.

Baba Kumai ya rufe cittarsa da leda, ya hau babur daga Fadan Kagoma zuwa Kafanchan. Akwai ƙaramin asibiti kusa da gidansa, amma nas ɗin wurin tana cikin mawaƙan cocinsu, shi kuwa dattijon coci ne.

Abin da ya fito da shi wani kurji ne mai ruwa a gefen leɓe. Tun yana saurayi yake fito masa bayan zazzaɓi, bai taɓa kula shi ba, sai jiya da ya ji a rediyo cewa baki ma yana ɗaukar cutar sanyi, yana kuma ba da ita. Ga shi gobe Alhamis.

Wata uku ke nan, duk Alhamis yakan yi aski, ya tafi Manchok, ya kama ɗaki a bayan tasha. Ita takan iso da kwandon cefane, tana waige-waige. A gidan da take akwai wani namiji, wanda Baba Kumai ya gwammace ƙasa ta haɗiye shi da mutumin ya sani.

A asibitin Kafanchan, Nas Doreen ta haska bakinsa da tocila.

"Baba, me kake so ka sani?"

Ya dubi silin. "In mutum ya kai bakinsa inda ba abinci ba fa?"

Ta danne dariya. Ta ce irin wannan kurjin yana iya sauka a al'aurar mace ya zauna, don haka ba sumba, ba kai baki ko'ina, sai ya warke sarai. Ta ce ciwon sanyi da tunjere ma suna bin wannan hanya, wani lokaci ba tare da wata alama ba. Ta yanke kwaroron roba da almakashi, ta buɗe shi kamar hankici, ta nuna masa yadda ake shimfiɗa shi tsakanin baki da jiki.

"Wannan kamar shan miya ne da murfi a kan kwano," in ji shi.

"Haka za ka sha, Baba. Mama tana gida?"

"Ta yi tafiya."

"Na gane," in ji Doreen, ta ɗaure fuska. "Ita wadda kake zuwa wurinta, ka kawo ta a gwada ku tare."

"Ba za ta samu fita ba. Aiki ya mata yawa."

"To in Mama ta dawo, ka faɗa mata gaskiya."

"Ta san komai."

Doreen ta miƙa masa maganin shafawa ba ta ko dube shi ba.

Washegari ya yi askinsa, ya tafi Manchok, amma bai kama ɗaki ba. Ya faka babur a ƙofar gidan da take, ya shiga da sallama, ya gaisa da mai gidan yana kare leɓe da hula. Sannan ya ja matarsa Milka gefe, ya ce yau babu zuwa cefane sai kurji ya warke.

Ta gyara goyon jikarsu, ta harari surukinsu da ke wanke mota, ta ce a hankali, "Shekara arba'in da aure, sai da na zo wa 'yarka wankan jego ka koyi abin daɗi, yanzu kuma ka ce in jira?"